Tiyon Gaz da Masu Ɗibar Wuta

Tawa, Lahadi

Zuwa ga Yaya Muktari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da zafin Yamai. Namu zafin yana nan yadda ka baro shi, bai ragu don ka tafi ba.

Na rubuta a takarda na ɗauki hoto na turo maka, ba don sha'awar tsohon yayi ba. Inna ba ta karanta boko, amma in na yi maka magana ta waya daga zaure tana ji daga ƙuryar ɗaka, har ta gyara min inda na yi ƙari.

An gama aikin gaz. Ka cika alkawarin da ka yi wa likita, cewa hayaƙin itace ba zai ƙara shiga ƙirjin Inna ba. Mai aikin wani ne Sidi. Ya zo a kan babur da jakar kayan aiki da takardar shaidar koyon sana'a, wadda ya nuna min ban tambaye shi ba. Ya ce ba a ajiye tukunyar gaz cikin madafa a zafin Tawa. Inna kuma dama ta ce ba za ta yi girki kusa da bam ba. Karon farko ke nan da na ga ilimi da tsoro sun ba da shawara ɗaya. Aka gina wa tukunyar ɗan akurki na bulo mai ƙofar ƙarfe a kangonmu na bayan madafa, wanda ka kewaye da katanga bara waccan. Daga nan tiyon jan ƙarfe ya bi gindin bango ya shigo har wurin risho.

Ka tuna ƴar kafar nan da ke ƙasan bangon madafa ta baya, wadda hannu kawai ke shiga? Ni tun ina ƙarama na ɗauka hanyar ruwan wanke-wanke ce. Sidi ya gan ta ya yi murna, ya ce Allah ya hutar da shi huda bango. Ta nan ya zura tiyon, ya cike gefe da siminti ya shafe. Sannan ya kaɗa sabulu ya shafa kumfar a kowace mahaɗa, ya sa ni na duƙa muka duba tare. Babu inda kumfa ta kumbura, ke nan babu inda iska ke fita.

Inna ta tafi gidan suna da la'asar, shi ya sa aka yi aikin cikin kwanciyar hankali. Da ta dawo ta tarar an kwashe duwatsun murhu, abin bai dame ta yadda na zata ba. Ta kunna rishon ta kashe, ta ce wuta shuɗiya kamar mai ciwo. Sai idonta ya sauka kan simintin.

Ta ce, "Wa ya ce a toshe?"

Na ce ba wanda ya ce, hanya aka samu a buɗe aka bi.

Ta ce, "To masu ɗibar wuta hwa?"

Na ce, "Haba Inna, wa ke ɗibar wuta yanzu? Ko maƙwabciyarmu Zeinabou, da ke aron gishiri tana da shi, ashana gare ta."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kin kyauta." Irin kin kyautan nan da ka sani.

Tuwon farko ya ƙone, na biyu ya yi daidai. Ka gaida Aminata da yara.

Ƙanwarka,
Ramla


Yamai, Laraba

Zuwa ga ƙanwata Ramla,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina miƙa gaisuwa gare ki da mahaifiyarmu, Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana.

Na samu bayaninki, kuma na gamsu da yadda aka gudanar da aikin. Ki riƙa rufe kan tukunyar duk lokacin da ba a girki, kada kuma a ajiye ashana kusa da akurkin.

Game da maganar kafa, tsofaffi ba sa son canji, wannan sananne ne. Sai dai akwai abin da ya tsaya min a rai. Innar Aminata haka ta fara, da zancen mutanen da babu su. Ana dariya ana cewa tsufa ne, har ranar da ta bar tukunya a kan wuta ta fita neman mijinta da ya daɗe da rasuwa. Itace yana ba da lokaci, gaz ba ya bayarwa. Don haka ki sa ido. Kin san tun da na gama ginin nan na ware wa Inna ɗaki, ita ce ta ƙi zuwa ko da ziyara. In har hankalinta ya fara rauni, ba za mu bar ta a gidan da ke da gaz ba.

Allah ya tsare, ya bar zumunci.

Yayanki,
Muktari


Tawa, Asabar

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga umarninka, a tsaye na karanta shi don girmamawa.

Ranar Litinin na taso daga lise, makarantar sakandaren da nake koyarwa, rana tsaka, lokacin da ko kare ba ya yawo. Tun daga zaure na ji warin. Na tarar da maɓallin risho a buɗe, babu wuta, iska kawai ke fita tana shiii. Inna tana ɗaka tana jan carbi. Na buɗe ƙofa da taga, na rufe tukunyar, sannan na yi abin da ɗiya mai digiri take yi: na yi wa uwata faɗa a hankali da muryar likita. Ta ce rabonta da madafa tun karin kumallo.

Talata ma haka. Na kira Sidi, ya sake kaɗa sabulunsa, kumfa ta kwanta lafiya. Ya ce shi aikinsa ba ya yoyo. Ya kalli ƙofar ɗakin Inna, ya kalle ni, ya hau babur. Sai na zare maɓallan rishon na zuba a jakata, na murɗe kan tukunyar da hannuna, na sa wa akurkin kwaɗo, na rataya makullin a wuya. Laraba na dawo, wari. Kwaɗo a kulle yadda na bar shi. Na buɗe, kan tukunyar a warware, ƙusoshin rishon ma an juya su. Ni ke koya wa ƴaƴan mutane kimiyya, Yaya. Na san ƙarfe yana miƙewa da zafi, amma ban taɓa karanta ƙarfen da ke murɗa kansa ba.

Akwai kuma wani abu. A cikin kangon, gindin bangon madafa, daidai inda tiyon ya shiga, na tarar da tsingaro, ɓallin tsofaffin tukwanen ƙasa, an jera su baki sama kamar masu bin layi. Cikinsu baƙi ƙirin da tsohuwar ƙuna. Kangon nan ba shi da ƙofa sai ta cikin gida, katangarka kuma ta fi ni tsawo. Na kwashe na zubar. Washegari sun fi na jiya yawa. Simintin Sidi kuma an kankare shi ta waje, sirara-sirara, ba irin kankarar ɓera ba.

Na kai wa Inna guda. Ta juya shi a hannu ta ce, "Mi kike so in ce? Sun zo ba su samu ba. Sun ji wutar ta koma cikin ƙarhe, shi ne suke bin ta."

Na ce, "Su wa?"

Ta ce, "Ba a tambaya. Ki hwasa simintin ki bar ni da garwashina."

Na ce likita ya hana ta hayaƙi. Ta ce, "To ke dai ki riƙa zama lakwal ɗinki wurin ɗalibanki har azahar ta wuce. Dawowar mi kike yi da rana haka?"

Na san abin da za ka ce, don haka na riga ka. Hankalinta ƙalau yake. Jiya ta jero min dangin Baba na Tebaram kakaf, da waɗanda ba sa ga maciji da juna, da abin da ya haɗa su. Da na yi mata zancen ɗakinta na Yamai, cewa ta yi in an ɗauke ta a matsayin wadda ta ruɗe, a haɗa da likkafani cikin kayan. Kar ka yanke hukunci tukuna. Na aika wa Gwaggo Kaltumi tambaya Kalfu ta hannun direba, tunda ita a gidan nan aka haife ta, waya kuma ba ta riƙewa.

Ka huta lafiya.

Ramla


Yamai, Litinin

Ƙanwata Ramla,

Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Na karanta wasiƙarki da mamaki, musamman da yake daga malamar kimiyya ta fito. Kwaɗon kasuwa makulli biyu yake zuwa da shi, ki nemi na biyun. Tsohuwar da ta yi shekaru a gida ta san inda kowane fasasshen kasko yake. Ban ce da gangan take yi ba, ciwon ke nan, mai shi ba ya sani.

Ba zan zauna sai an kira ni an ce gidan mahaifinmu ya tashi da mahaifiyarmu a ciki ba. Ƙarshen wata zan turo mota ta ɗauko ta, ko tana so ko ba ta so. Amma don kada ki ce ban saurare ki ba, ga sharaɗi: in kin kawo min hujja cewa abin nan yana faruwa ba da hannunta ba, zan janye.

Allah ya yi mana jagora.

Muktari


Kalfu, Alhamis

Daga Gwaggonki Kaltumi, ta hannun Nasrullahi malamin lakwal.

Ɗiyata Ramla, ina gaishe ki, ina gaida uwarki, ina gaida gida da abin da ke cikinsa. Mu nan lahiya lau, sai jiran ruwa.

Saƙonki ya iso. Na so a ce ba ki da dalilin aiko shi.

Kafar nan tsohuwarmu ce ta huda ta da hannunta, kakarki ke nan, shekarar babbar yunwa. Mutanen arewa suka gangaro bayan bisashensu sun ƙare, suka sauka hilin bayan gidanmu, lokacin babu katanga. Ciwo ya shiga cikinsu, aka hana cuɗanya da su. Matansu kan zo rana tsaka neman wuta, don sau guda suke ɗora tukunya, in akwai abin ɗorawa. Tsohuwa ta ce hatsi ba ta da shi, amma wuta ba a hana ta. Sai ta huda bango tana miƙa musu garwashi a tsingaro. Da damina ta sauka, waɗanda suka rage suka tahi. Waɗanda ba su tahi ba suna nan ƙarƙashin hilin. Amma sallama ba ta daina ba.

Ga abin da na sani, ban san hiye da shi ba. Wadda ta amsa, ita ake nema. Tsohuwa ta yi ta bayarwa, ba ta ƙara wuni a wani gari ba. Ko aurena ba ta leƙo Kalfu ba, mutane suka ce ba ta so na. Har uwarki ta zo gidan tana amarya, ba wanda ya hwaɗa mata komi, wata rana ta ji sallama ta amsa. Daga ranar tsohuwa ta huta, shekarar ma ta tahi Makka. Ki tambayi kanki, tun da kika yi wayo, kin taɓa ganin rana tsaka ta samu uwarki a waje?

Ni na ji sallamar ina budurwa. Na toshe kunnena, na yi aure nesa.

Ki hwasa simintin, ki ba uwarki garwashinta, ɗan hayaƙin bai kashe ta. Ke kuwa in kin ji, ki yi shiru. Na san ƙin amsa sallama ba kyau, ki bar min alhakin, ni zan ɗauka.

Allah shi tsare ki, shi yi miki albarka.

Gwaggonki Kaltumi

Ni mai rubutu yadda aka faɗa min na rubuta, ban ƙara ba ban rage ba, kuma ba ruwana.


Tawa, Talata

Yaya Muktari,

Sallama da gaisuwa. Ka nemi hujja, ga ta, sai dai ba irin wadda ake buga wa tambari ba ce.

Jiya na nemi izini a lise. Na haɗa Inna da Zeinabou su tafi asibiti a duba ƙirjinta, na roƙi Zeinabou ta san yadda za ta yi kada su dawo kafin la'asar. In ana neman mai ɓata lokaci, ba a wuce Zeinabou. Inna ta ƙi, ta ƙi, sannan ta ce to dama tun da aka toshe zamanta ba ya amfanin kowa. A zaure ta juyo ta ce, "Ke ba ki tahiya aiki?" Na ce yanzu zan fita. Ƙarya na yi mata.

Lissafina mai sauƙi ne: in gaz ya buɗe Inna tana asibiti, magana ta ƙare. Na rufe tukunyar, na sa sabon kwaɗo, makullansa biyu duk a wuyana. Na kulle gida ta ciki. Na zauna a madafa kan kujera ƴar tsugunno, ƙofa a buɗe, ina gyaran takardun jarrabawar ɗalibai.

Inuwa ta janye ta shige gindin bango. Kurciyoyin da ke damuna da kuka a kan dogon yaro suka yi tsit. Sai tiyon ya fara ƙara daga can wajen akurki, ƙas, ƙas, tana matsowa, kamar ana bin sa da farce. Na ce wa kaina zafi ne. Sannan rishon ya fara shiii a gabana, ga maɓallansa a jakata.

Sai aka yi sallama.

Daga ƙasa ta fito, daidai kafar. Muryar mace ce, a gajiye, da Hausa irin ta mutanen arewa. Babu abin tsoro a cikinta, kuma wannan ne ya cuce ni. Da gurnani ta yi ko kururuwa, da na bar mata takardun na gudu. Sallama kawai ta yi, irin ta wadda ta san ta dami mutane amma ba ta da yadda za ta yi.

Ka san renon da Inna ta yi mana. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni. Na ce, "Wa alaikumus salam."

Ƙarar rishon ta tsaya cak.

Ta ce, "A sam muna wuta, ƴar'uwa. Ɗiya ba su ci ba."

Na kalli rishonka. Wuta ce mai kyau, ba hayaƙi ba toka, amma ba ta da garwashi. Ba a ɗibarta, ba a miƙa wa wani. Na ce ta ɗan dakata. Na jira warin ya fita sarai, don ko a wannan hali ban manta darasin da nake koyarwa ba. Na lalubo mangal ɗin shayin Baba da sauran gawayi, na hura a tsakar gida. Na ɗauki taɓarya na farfasa simintin Sidi a gefen tiyon. Haske ya shigo ta kafar, bayansa tsingaro, an turo shi a hankali. Ban ga hannu ba, ban kuma duƙa na nema ba. Na ɗora garwashi, tsingaron ya ja baya. Wani tsingaron ya shigo. Haka muka yi ta yi har gawayin ya kusa ƙarewa. Da aka gama sai muryar ta ce, "Allah shi ba da lada. Sai gobe."

Na zagaya kangon. Babu kowa, babu tsingaro ko ɗaya, kwaɗo a kulle.

Da Inna ta dawo ta ga mangal, ta ga kafar, ta ga toka a zanena. Ta zauna a ƙasa nan bakin madafa, ko mayafi ba ta cire ba.

Ta ce, "Kin amsa."

Na ce, "Sallama aka yi, Inna."

Ta ce, "Don mi kike zato na yi hwaɗa da ubanki sai an kai ki lakwal? Don ki zama madam? Don rana tsaka ta riƙa iske ki cikin aji ne."

Ta yi kuka kaɗan. Daga nan ta ci tuwo fiye da yadda ta saba. Yau kuwa, lokacin da nake durƙushe gaban kafar da mangal, ita tana ɗaka tana barcin rana har da minshari, abin da ban taɓa gani ba tun da ta haife ni.

Wasiƙar Gwaggo ta iso ni da safen nan. Ta yi kwanaki a aljihun direban Kalfu tare da goronsa. Ga hotonta nan na haɗa maka. Shawara ce mai kyau.

Hankalin Inna ƙalau yake, Yaya. Gaz ya buɗe tana zaune kan bencin asibiti, Zeinabou shaida ce. Ka cika sharaɗinka.

Ƙanwarka,
Ramla


Tawa, Juma'a

Yaya,

Gaisuwa. Na gode da ka janye motarka, ko da yake ka ce a waya yanzu ni kake wa tsoro.

Inna ta shiga motar Yamai da safen nan, da ƙafarta, ita ta zaɓi kujerar bakin taga. Ta ce a gaya maka ba ɗauko ta aka yi ba, ziyara ta zo, kuma ita za ta faɗi ranar komawa. Ku tarbe ta a tasha. Tana so ka kai ta bakin kogi ta gani, ta ce da rana tsaka take so.

Sidi ya ɗaga tiyon ya bi da shi ta saman bango. Gaz yana aiki lafiya, babu wari. Na roƙi shugaban lise a mayar da darussana na sassafe da na yamma. Ya tambayi dalili, na ce girki.

Ba zan zo Sallah ba. Maganar turo ɗiyarka Fa'iza ta taya ni zama a babban hutu kuma, na gode, amma kar ka turo ta. Yarinya ce mai tarbiyya, ba ta jin sallama ta yi shiru.

Ka gaida gida.

Ramla